Hazon da ke tsakanin ɗigogin haske: amsa ga ɗalibin da ke zargin kiristal ɗinsa na perobskit

Wani ɗalibi ɗan asalin Tawa, wanda yake shirya digirinsa na biyu a fannin fizik a nan Yamai, ya aiko mini da tambaya haɗe da hotuna uku. Ya ce ya yi wata biyu yana fama kafin ya samu ƙwayar kiristal baƙa ƙirin ta sinadarin CH3NH3PbI3, wato perobskit ɗin dalma da iyod wanda ake gwajin ƙera fanon hasken rana da shi, ya aika wa wani abokin aikin malaminsa a Turai, aka haska ta da hasken X a zafin digiri 80. Lissafin da aka maido masa ya ce tsarin kiristal ɗin kubik ne cikakke, wato siffar akwati mai tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida, amma abubuwa biyu sun hana shi barci. Na farko, atom ɗin iyod ya fito a zanen a baje kamar faifai maimakon ɗan dunƙule. Na biyu, a kan hotunan akwai wasu zare-zare masu dishi-dishi da suka ratsa tsakanin ɗigogin haske, har wani ya ba shi shawarar ya share su tunda datti ne. Tambayarsa ita ce, kiristal ɗin ne ya lalace ko kuwa na'urar ce ta gaza?

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka. Na duba hotunan da kyau, kuma a ganina ginin cikin kiristal ɗinka lafiyarsa ƙalau, na'urar ma ta yi aikinta. Abin da aka ce ka share shi ne rabin labarin da ka tafi nema, kuma faifan iyod da zare-zaren nan ba matsaloli biyu ba ne, abu ɗaya ne ya leƙo ta taga biyu. Sai dai ba na so ka karɓi maganata a kan amana kawai, don haka bari mu bi ta daki-daki.

Sunan perobskit ya samo asali ne daga wani dutse, CaTiO3, wanda Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga samfurin da aka samo a duwatsun Ural na Rasha, aka raɗa masa sunan Lev Perovski. A yau duk sinadarin da ke da tsarin ABX3 irin nasa ana kiransa da wannan suna. Ka ɗauki tubali guda na ginin, wato akwatin da ake ta maimaitawa: atom B yana zaune a tsakiya, atom X guda shida sun kewaye shi sun yi masa keji mai fuska takwas, kowane keji kuma yana haɗe da maƙwabtansa shida ta kusurwa, sannan A yana zaune a ramin da ya rage tsakanin kejojin. A naka kiristal ɗin, B dalma ce, X iyod ne, wanda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke ce wa aidin, A kuma ƙaramin ƙullin CH3NH3 ne, kuma tsawon tubalin ya kai kimanin angistirom 6.3, angistirom guda kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Abin lura shi ne mahaɗin kejojin. Ba walda ba ce, gwiwa ce: kejin kansa yana da ƙarfi, amma inda biyu suka haɗu yana lanƙwasuwa cikin sauƙi. Shi ya sa shi kansa dutsen da ya ba iyalin suna ba kubik ba ne a zafin ɗaki, kejojinsa a karkace suke, sai an gasa shi fiye da digiri 1200 kafin ya miƙe.

To, me ɗigogin haske ke faɗa? Tun daga gwajin Max von Laue a 1912 da dokar da Bragg uba da ɗa suka kafa a 1913, mun san cewa idan abu yana maimaita kansa ba kuskure, hasken X da ya ratsa shi zai taru ne a wasu kusurwoyi ƙididdigaggu kawai. Daga matsayin ɗigogin ake gane girman tubali, daga ƙarfinsu ake gane abin da ke cikinsa. Amma wane tubali? A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Ɗigon Bragg ba ya ganin tubali ɗaya, yana ganin dukkan tubalan da haske ya taɓa ne an kifa su kan juna, a tsawon duk lokacin da aka yi ana auna. Ka ƙaddara an ɗauki hoton kowane mutum da ke sahu a filin Idi na Tawa, aka ɗora hotunan bisa juna. Za ka samu mutum guda a tsaye cak, kansa da ɗan dishi-dishi saboda wani ya karkata dama wani ya karkata hagu. Wannan hoton ba ƙarya ya yi ba, amma akwai tambayar da ba zai taɓa amsawa ba: idan wannan ya karkata dama, na kusa da shi ma dama yake karkata, ko hagu, ko kuwa babu ruwan wani da wani? Jama'ar da kowa ke motsin gabansa, da jama'ar da sahu guda ke karkata tare saboda kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, duk hoto ɗaya za su bayar. Kalmar kubik da aka rubuto maka sunan wannan matsakaicin hoton ne.

Hasken da ya shiga kiristal kuwa ba ya ɓacewa. Peter Debye a 1913, da Ivar Waller bayan shekara goma, sun nuna cewa motsin atom yana rage ƙarfin ɗigogin Bragg, musamman na nesa da tsakiya. Abin da aka rage ɗin yana zubewa ne a tsakanin ɗigogin, kamar hazon hunturu, kuma shi ne ni nake kira watsuwar hazo. Jean Laval ya auna shi a Faransa a ƙarshen shekarun 1930, Kathleen Lonsdale ta yi aiki mai yawa a kansa a Ingila a shekarun 1940. Yana da rauni ƙwarai, sau da yawa ɗigon Bragg yakan ninka shi dubu ko dubu goma, shi ya sa mai duba hoto a ma'aunin yau da kullum ba ya ko ganinsa, sai an mai da ma'aunin haske zuwa logaritim, wanda ke fito da haske mai rauni a gefen mai ƙarfi. Amma shi kaɗai ne ke ɗauke da amsar waccan tambayar ta sahu, domin ƙarfinsa yana fitowa ne daga yadda kaucewar atom guda ta danganta da kaucewar maƙwabcinsa. Da a ce kowane atom gaban kansa yake yi, da hazon ya bazu sumul ba siffa. Duk inda ka ga ya yi zare, ko shimfiɗa, ko ƙullutu, to atom ɗin suna shawara da juna.

Karanta siffar yana da ƙa'ida guda wadda ya kamata ta zauna maka daram. Hoton da na'ura ke ɗauka juyin kiristal ne ta lissafin Fourier, saboda haka abin da ya yi tsawo a cikin kiristal siriri yake fitowa a hoton, abin da ya gajarta kuma ya baje. Idan atom sun daidaita a layi ɗaya kamar sarƙa, amma sarƙa ba ta san abin da maƙwabciyarta ke ciki ba, hazon zai fito a matsayin shimfiɗa mai faɗi wadda ta gitta wa sarƙar. Idan sun daidaita a shimfiɗa kamar tabarma, amma tabarmar sama ba ta bin ta ƙasa, zai fito a matsayin sanda ko zare da ya tsaya a kan tabarmar. Idan kuwa ɗan gungu ne ƙarami ta kowace fuska, sai ka ga ƙullutu. Kaurin zaren kuma ma'auni ne: wanda kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na tazarar da ke tsakanin ɗigogi biyu yana nuna daidaito da ya kai tubali 3 zuwa 10, gwargwadon ma'anar tsawon daidaito da mutum ya ɗauka, kuma wajibi ne ka faɗi wadda ka ɗauka a rubutunka, domin an sha yin gardamar banza a kan wannan.

Mafi kyawun misali a duk wannan fanni, a wurina, shi ne BaTiO3, sinadarin da ke cikin ɗaruruwan ƙananan ma'ajiyan lantarki da ke cikin salular da ke aljihunka. A sama da kimanin digiri 120 zuwa 130 kubik ne. Idan ya huce sai ya ɗan miƙe ta fuska ɗaya, a wajen digiri 5 ya sake canja siffa, a wajen digiri 90 ƙasa da sifiri ya sake canjawa a karo na uku. Bayanin da aka saba koyarwa shi ne atom ɗin titaniyom yana tsakiyar keji a siffar kubik, sai ya gusa ta gefe, sai ta kusurwar fuska, sai ta kusurwar akwati. A 1968 Robert Comès da Marianne Lambert da André Guinier, a Orsay kusa da Paris, suka ɗauki hoton hazon wannan kiristal da na ɗan'uwansa KNbO3 a kan fim, suka ga abin da ya girgiza wancan bayanin. A siffar kubik akwai jerin shimfiɗun hazo ta fuska uku. Da aka sauka siffa ta biyu sai jeri ɗaya ya ɓace, saura biyu. A ta uku saura ɗaya. A ta huɗu, wadda ta fi sanyi, babu ko ɗaya.

Dubi yadda suka warware shi. Suka ce titaniyom bai taɓa zama a tsakiya ba. Kullum a goce yake zuwa ɗaya daga kusurwoyi takwas na akwatin, gocewar da ba ta fi kashi ɗaya ko biyu cikin goma na angistirom ba a tubali mai angistirom 4. Kowace gocewa tana da sassa uku: sama ko ƙasa, gabas ko yamma, kudu ko arewa. A layin da ya miƙe gabas da yamma, maƙwabta suna yarda da juna a kan sashen gabas da yamma, kamar kunyar gero da iska ta kwantar da karanta gefe guda, alhali kunyar kusa ta kwanta ɗaya gefen. Haka ma sauran fuskokin biyu. A siffar kubik duk fuskokin uku sarƙoƙi ne masu cin gashin kansu, shi ya sa shimfiɗu uku, kuma matsakaicin kusurwoyi takwas shi ne tsakiya. Da zafi ya sauka, sai dukan kiristal ya yarda a kan fuska guda, a ce sama. Kusurwoyi huɗu suka rage, matsakaicinsu ya nuna sama, jerin shimfiɗa ɗaya ya ɓace saboda babu sauran saɓani a wannan fuska. Haka har aka kai kusurwa guda, inda saɓani ya ƙare, hazo ya washe. Akwai ma ƙarin shaida da ya kamata ka riƙe: shimfiɗar da ta ratsa ta tsakiyar hoton ba ta bayyana, sauran kuma suna ƙara ƙarfi yayin da ake nisa. Wannan alama ce ta gocewar atom, ba ta musayar wani atom da wani ba, kuma tana faɗa maka cewa gocewar a bisa tsawon sarƙar take.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. William Cochran ya riga ya kawo bayanin girgiza mai laushi a 1960, wato wani salon girgizar atom da ke yin sanyi-sanyi yayin da ake kusantar canjin siffa har ya daskare, kuma a 1969 wani masani mai suna Hüller ya nuna cewa irin wannan girgiza ita ma za ta iya haifar da shimfiɗun nan ba tare da an ce titaniyom yana zaune a kusurwa ba. Gardamar ta ɗauki shekaru da dama. Awon da ke duba kewayen atom guda kai tsaye, irin wanda aka yi a ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar shan hasken X, ya goyi bayan gocewa zuwa kusurwa a dukkan siffofin huɗu, awon da ake yi da nutiron, wato ƙwayar cikin atom marar cajin lantarki, shi kuma ya nuna cewa abin yana motsi. Ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu sun ga gaskiya, agogonsu ne ya bambanta. Na kawo maka wannan ne domin tarkon da ke cikinsa yana jiranka kai ma, kuma zan dawo kansa.

Yanzu mu koma kan hotunanka. A perobskit ɗin dalma da iyod ba gocewar atom ɗin tsakiya ce ta fi yawa ba, karkatar kejojin ce. Mike Glazer ya tsara irin wannan karkata a 1972, ya fitar da salo 23. Ka duba shimfiɗa guda ta kejoji. Idan keji ɗaya ya juya dama, maƙwabcinsa dole ya juya hagu, domin atom ɗin iyod guda suka haɗa, kamar haƙoran giya biyu a injin niƙa, ko mata biyu suna lugude, taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Wannan tilas ɗin yana bin shimfiɗar. Amma kejin da ke sama yana haɗe da na ƙasa ne ta atom ɗin da ke kan sandar juyawar, wanda juyawar ba ta gusar da shi, saboda haka shimfiɗar sama tana da ƴancin bin ta ƙasa ko saɓa mata. Ga tabarmi an jibge, kowace da saƙarta, babu mai bin wata. Ƙa'idarmu ta ce tabarma tana ba da zare, kuma tunda dama da hagu suna karɓa-karɓa, maimaicin ya zama tubali biyu, zaren zai ratsa ne ta rabin tazara, tsakanin ɗigogin Bragg, ba ta kansu ba. A hotonka na biyu daidai nan suke. Masana suna kiran tashoshi biyu da ke kan zaren M da R: M ita ce inda kowace shimfiɗa ta bi ta ƙasanta, R kuma inda kowace ta saɓa. A 2021 masu bincike na jami'ar Duke da cibiyar Argonne a Amurka suka nuna waɗannan zare-zare a CsPbBr3 da hasken X da nutiron, bayan shekara biyu kuma aka nuna su a irin naka sinadarin. Faɗin kowace tabarma bai wuce ƴan tubala ba.

Faifan iyod kuwa ba sai an wahala ba. Idan yara biyu suna kaɗa igiyar tsalle, matsakaicin wurin da tsakiyar igiyar take shi ne miƙaƙƙen layin da ke tsakanin hannayensu, wurin da ba ta cika zama ba. Iyod yana tsakanin dalma biyu, ba ya iya matsowa kusa da ɗayansu saboda kejin yana da ƙarfi, amma yana lilo ta gefe a duk lokacin da kejoji suka karkata. Manhajar lissafi ba ta da yadda za ta bayyana wannan sai ta ajiye shi a tsakiya ta baje shi. Wannan yana da wani sakamako da ya kamata ka kiyaye: tazarar dalma da iyod da lissafin ya ba ka, rabin tsawon tubali, ta ɗan gaza ainihin tsawon haɗin, domin igiya mai lanƙwasa ta fi layin da ke ƙarƙashinta tsawo.

Ga tarkon da na ambata. Kada ka rubuta cewa ka gano ƙananan yankuna masu karkata zaunannu a cikin kiristal. Hasken X ba zai iya faɗa maka haka ba. Ƙarfin ƙwayar haskensa ya ninka ƙarfin girgizar atom sau miliyoyi, kuma yana wucewa cikin ƙiftawar da atom bai ko motsa ba, don haka hotonka tarin hotunan bazata ne. Tabarmar da ta shekara a wurin da wadda ta rayu na ɗan ƙanƙanin lokaci ta watse, zare iri ɗaya za su ba ka. Mai raba gardama shi ne nutiron, domin ƙarfinsa ya yi kusa da na girgizar, ana iya auna abin da ya karɓa ko ya bayar. Awon da aka yi da shi ya nuna cewa a siffar kubik waɗannan tabarmi suna haɗuwa su watse cikin ƴan pikosakan, pikosakan guda kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa. Nutiron yana da nasa wahalar: yana son babban kiristal, kuma haidirojin da ke cikin CH3NH3 yana watsa shi ta ko'ina har ya rufe abin da ake nema, sai an musanya shi da diyuteriyom, wato haidirojin mai nauyi. Hasken X kuma dalma mai elektiron 82 da iyod mai 53 yake gani, ƙullin da ke cikin ramin kusan inuwa ce a wurinsa.

Akwai wani reshe na iyalin inda hargitsin ya fi haka sarƙaƙiya, ba zan daɗe a kansa ba. A sinadarin da ake taƙaita sunansa PMN, wanda ƙungiyar Smolenskii ta yi nazari a Leningrad a ƙarshen shekarun 1950, magneziyom da niyobiyom suna rabon kujerar B ba bisa cikakken tsari ba, dalma kuma tana gocewa daga mazauninta. Hazonsa yana fitowa kewaye da ɗigogin Bragg da siffar malam-buɗe-littafi, yana ƙaruwa idan aka sauko ƙasa da kimanin digiri 350, kuma har yau masana ba su daidaita a kan fassararsa ba, alhali ɗan'uwansa PMN-PT yana cikin wasu na'urorin eko da ake duba masu juna biyu da su. Darasin da ke nan gare ka shi ne hoton hazo guda yana iya karɓar fassara fiye da ɗaya.

Kafin ka yi murna, sai ka tabbatar da cewa hazon na kiristal ne, domin wanda ya ce ka share datti bai yi kuskure gaba ɗaya ba, datti yana nan. Ni kaina na taɓa faɗawa. A karo na farko da na samu lokacin awo a wata cibiya a Turai, na kwana biyu ina kallon wani faffaɗan zobe mai dishi-dishi kewaye da tsakiyar hoton, har na fara rubuta bayaninsa a littafina. Wata ma'aikaciyar wurin ta zo, ba ta ce komai ba, ta jera hotunan ta kunna su a jere kamar fim yayin da kiristal ke juyawa. Ɗigogi suna shigowa suna fita, zoben nawa kuwa yana nan daram bai gusa ba. Gam ɗin da na manna kiristal da shi a kan tsinken gilashi ne, na zuba shi da yawa don tsoron kada ƙwayar ta faɗi. Tun daga ranar ba na yarda da hazon da ba ya juyawa tare da kiristal. Iska, gam, gilashi da ƙyallin da atom ke fitarwa bayan ya sha haske duk suna ba da haske mai santsi ko zobe, kuma ɗigo mai ƙarfi yana iya malala a kan tsohuwar na'urar ɗaukar hoto ya yi wutsiya. Hazo na gaskiya yana juyawa da kiristal, yana maimaita kansa a duk wuraren da daidaiton kubik ya ce ya maimaita. Naka ya bayyana ta fuskoki uku a rabin tazara, abin da gam ba zai iya ba. Amma a hotonka na uku na ga wani siririn zobe mai kaifi, kuma ina zargin PbI2 ne, wato fatar kiristal ɗin ta fara ruɓewa. Ka duba sauran ƙwayoyin da ka ajiye, idan ka ga rawaya-rawaya a gefensu to shi ne, kuma laimar daminar Yamai ba za ta raga musu ba in ba ka rufe su da abin tsotse laima ba.

Za ka iya tambaya, mene ne amfanin duk wannan ga mai son fanon hasken rana? Sinadarinka yana canja siffa a wajen digiri 54. Ƙasa da haka karkatar salon R ta daskare a duk kiristal, sama da haka ya zama kubik a matsakaici. A Turai wannan adadi ne a littafi, amma a nan, inda zafin inuwa ke wuce 40 a watan Afrilu kuma fuskar fano ke wuce 60 da rana tsaka, fanon perobskit da aka kafa a Malbaza ko Goru Banda zai ƙetare wannan iyaka da hantsi ya sake ƙetarowa da la'asar, kusan kowace rana ta bazara. Tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 ta 2023 da silikon suke aiki, wanda ba shi da wannan hali. Da a ce kejojin suna miƙewa sarai a digiri 54, da an ga tsalle babba a yadda sinadarin ke shan haske, amma awon da aka yi bai nuna irin wannan tsalle ba, kuma zare-zarenka su ne dalili: elektiron ya fi kejojin sauri nesa ba kusa ba, saboda haka a kowane lokaci karkatattun kejoji yake gani, a sama da iyakar da ƙasanta. Don haka ne ma lissafin kwamfuta da aka gina a kan tubali guda miƙaƙƙe yake ba da tazarar makamashi, wato mafi ƙarancin ƙarfin haske da sinadarin ke iya sha, ƙasa da wadda ake samu idan an bar kejojin sun karkata. Laushin ginin ne kuma ya sa zafi ba ya ratsa shi da sauri, kusan wat 0.5 a mita a digiri, alhali silikon yana wajen 150, kuma a cikin ginin nan mai laushi ne iyod ke samun hanyar yin ƙaura daga mazauni zuwa mazauni. Daga kashi 3.8 cikin ɗari da ƙungiyar Tsutomu Miyasaka ta samu a Japan a 2009, ingancin ƙwayoyin fanon perobskit wajen mai da hasken rana lantarki ya wuce kashi 26, abin da ya rage shi ne ɗorewa a zafi, kuma a ƙasar Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya ba da rayuwarsa ga nazarin makamashin rana, wannan tambaya tamu ce.

Abin da za ka yi yanzu ba ya bukatar kuɗi. Ka rubuta wa wanda ya yi awon, ta hannun malaminka, ka roƙi ɗanyun hotunan gaba ɗaya, ba jadawalin ƙarfin ɗigogi ba, domin manhajar da ke fitar da jadawalin tana zubar da duk abin da ke tsakanin ɗigogi. Ka tambaya ko sun ɗauki hoton tsinken da gam ba tare da kiristal ba, don a cire shi. Na'urar auna garin kiristal da ake samu a ɗakunan gwaji, mai hasken tagulla na angistirom 1.54, ba za ta maye gurbin wannan ba, domin niƙa kiristal yana cakuɗa fuskoki, zare ya koma ɗan tudu a ƙarƙashin layi. Afirka har yanzu ba ta da sinkirotiron ko ɗaya, wato babbar cibiyar da ke samar da hasken X mai ƙarfi sosai, sai an je irin na Grenoble a Faransa ko SESAME na Jodan da aka buɗe a 2017, saboda haka duk hoton da ya shigo hannunka ka tatse shi sarai. Lissafin kuwa kwamfutarka ta hannu ta isa. Ka gina akwati mai tubali 20 ta kowace fuska, tubali 8000 ke nan, ka ba kowace shimfiɗa juyin dama ko hagu ta hanyar ƙuri'a, ka yi lissafin Fourier, za ka ga zare sumul daga M zuwa R. Sai ka sa wa kowace shimfiɗa ɗan son saɓa wa ta ƙasanta, ka ga yadda hasken ke taruwa a R, ka daidaita wannan son har ya yi kama da hotonka. Manhajar DISCUS ta Neder da Proffen an yi ta ne don irin wannan aiki, kuma kyauta ce.

Idan kuma an sake ba ku lokacin awo, kada ku ɓata shi a zafi guda. Ku auna a 100, da 80, da 65, da 58, sannan 45, da sabuwar ƙwaya ko sabon wuri a jikinta in haske ya fara cin ta. Abin da nake sa ran gani shi ne ƙullutun da ke R ya riƙa ƙara ƙarfi yana sirancewa yayin da kuke saukowa, a 45 kuma ya zama ɗigo mai kaifi. A wannan zafin ka yi hattara da tagwaye: kiristal ɗin yakan rabu yankuna uku, kowane ya zaɓi tasa fuskar miƙewa, ɗigoginsu su hau kan juna har manhaja ta sake ce maka kubik ne. Ka turo mini abin da kuka samu a 58 da 45, tare da kaurin ƙullutun ta tsawon zaren da ta gicciyensa, kowane daban.